TSABTACE ISKAR ƊAKI DA ƁOYAYYEN HASKE

GABATARWA

Shekara da shekaru hukumomin lafiya suna jan hankalin jama'a ga tsabtar ruwan sha da ta abinci, kuma alhamdu lillahi kiran ya shiga kunne. Da wuya yau a sami magidancin da bai san ruwan kududdufi yana kawo cuta ba, ko uwargidan da ba ta san amfanin rufe abinci ba. Amma akwai abu guda wanda ɗan Adam ya fi bukata a kan ruwa da abinci, ba a kuwa cika kula da tsabtarsa ba, watau iskar da ake shaƙa. Baligi yakan sha ruwa lita 2 ko 3 a yini, alhali iskar da ke shiga huhunsa a yini guda takan kai kimanin lita 10,000. Mutum yana iya ƙin shan ruwan da bai yarda da shi ba, amma ba shi da ikon ƙin numfashi a ɗakin da ya sami kansa.

An shirya wannan ɗan littafi domin bayyana wata dabara ta rage ƙwayoyin cuta a cikin iskar ɗaki ta hanyar wani irin haske da ido ba ya gani. Masana suna kiransa altarabayolet, a taƙaice hasken UV. Za a yi bayanin yadda yake aiki, da inda aka gwada shi, da haɗarin da ke tattare da shi, da kuma abin da ba ya iya yi. An ɗauki garin Jos da unguwar Laranto a matsayin misali, amma darasin ya shafi kowane gari a ƙasar nan.

YADDA CUTA KE TAFIYA CIKIN ISKA

Duk sa'ad da mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana, kai ko numfashi kawai, ɗigon ruwa yana fita daga bakinsa da hancinsa. Manyan ɗigon suna da nauyi, saboda haka sukan faɗi ƙasa nan kusa. Ƙananan kuwa sukan bushe tun kafin su kai ƙasa, su zama 'yan mitsi-mitsi marasa nauyi, su riƙa yawo a ɗaki kamar hayaƙi. Idan mai tarin yana ɗauke da cuta, to, ƙwayoyin cutar suna cikin waɗannan 'yan mitsi-mitsi. Wani masani Ba'amurke mai suna William Wells, na Jami'ar Harvard, shi ne ya bayyana wannan al'amari a shekarar 1934.

Wanda ya taɓa ganin yadda hayaƙin turaren wuta yake cika ɗaki idan an rufe ƙofa ya riga ya fahimci rabin darasin. Ko an fitar da kaskon, ƙamshin yana nan har wani lokaci. Haka ƙwayar cutar ƙyanda take: tana iya zama cikin iskar ɗaki har sa'a 2 bayan mai cutar ya fita. Kuma idan yara goma da ba su taɓa yin ƙyanda ba, ba a kuma yi musu rigakafi ba, suka zauna tare da mai ita, kimanin tara daga cikinsu sukan kamu.

Cututtukan da ke bin wannan hanya sun haɗa da ƙyanda, da ƙarambau, da mura mai tsanani, da korona, waɗanda duk ƙwayoyin bairas ne ke kawo su. Akwai kuma tarin fuka, wanda ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, wadda likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya gano a shekarar 1882. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Ita kuwa korona, an fara samunta a ƙasar nan a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Da farko an fi ba da ƙarfi ga wanke hannu da goge tebura, amma a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a fili cewa cutar tana yaɗuwa ta iska, musamman a ɗakuna masu cunkoso waɗanda iska ba ta ratsa su sosai.

ABIN DA YA SA ZANCEN YA SHAFI JOS

Garin Jos yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa ya yi suna wajen sanyi. A watannin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, kowa yakan rufe taga ya toshe kafa da tsumma, a gida ko a aji ko a ɗakin jiran likita. Ba wanda zai ga laifin mai jin sanyi. Sai dai ɗakin da aka rufe ruf ya zama tulun da ke tara numfashin duk wanda ke ciki. A garuruwa masu zafi irin su Sakkwato da Maiduguri ma ana samun haka, ko dai don gudun ƙura, ko don an sa na'urar sanyaya ɗaki, wadda galibi iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa daga waje. A arewacin ƙasar nan ƙyanda ta fi yawa a lokacin rani, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara.

Unguwar Laranto, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wuri ne na hada-hada. Nan kasuwar Katako take, inda 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako suke haɗuwa daga garuruwa dabam-dabam. A kewayenta akwai makarantu da masallatai da coci-coci da ɗakunan shan magani. A filin kasuwa, inda iska ke kaɗawa, haɗarin kamuwa kaɗan ne. Haɗarin yana cikin rufaffun wurare, kamar shago mai ƙofa ɗaya, da ajin da yara suka cika, da ɗakin da marasa lafiya ke jiran likita kafaɗa da kafaɗa.

Jos ta taɓa ganin abin da cuta ke iya yi a ɗakin asibiti. A farkon shekarar 1970 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a asibitin mishan da ake kira Jankwano. Fiye da mutum 20 suka kamu, fiye da 10 suka rasu, har da likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup, wadda ta kamu a bakin aikinta. Masu binciken da suka biyo baya sun lura cewa da yawa daga cikin waɗanda suka kamu sun zauna ne a ɗaki ɗaya da wata majinyaciya, har suka yi zaton iskar ɗakin tana da hannu. Yau an san cewa zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa ta hanyar ɓera da taɓa jini ko ruwan jikin mai cutar, saboda haka maganinsa tsabtar gida ne da kiyaye abinci da kariyar ma'aikatan asibiti. Duk da haka abin da ya faru ya bar darasi: wurin da aka je neman lafiya yana iya zama wurin ɗaukar cuta idan ba a kula ba.

MENE NE ƁOYAYYEN HASKE?

Hasken rana da ake gani fari, haɗin launuka ne da yawa. Bakan gizo shi ke nuna su a jere, daga ja a gefe ɗaya zuwa shunayya a ɗaya gefen. A shekarar 1801 wani masani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano cewa bayan launin shunayya, inda ido ba ya ganin kome, akwai wani haske mai ƙarfi wanda ke baƙanta wani sinadarin azurfa da sauri. Shi ne hasken UV.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma ana bambanta irinsa da tsawon igiyarsa. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Masana sun raba hasken UV gida uku:

Na ɗaya, UV-A, daga nanomita 315 zuwa 400. Yana isowa ƙasa da yawa daga rana. Shi ne ke cikin 'yar fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, da fitilar da ke jawo ƙwari. Ƙarfinsa wajen kashe ƙwayoyin cuta kaɗan ne ƙwarai.

Na biyu, UV-B, daga 280 zuwa 315. Kaɗan daga cikinsa ke isowa ƙasa. Shi ke ƙona fata, shi ya sa zabiya suke bukatar kariya daga rana.

Na uku, UV-C, ƙasa da 280. Wata iska mai suna ozon da ke can sararin sama tana tare shi duka, ba ya isowa ƙasa. Shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma sai da fitila ta musamman ake samunsa.

Yadda yake kashe su kuwa shi ne, kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wani zare a cikinta wanda ke riƙe da umarnin yadda za ta hayayyafa, kamar yadda iri ke riƙe da siffar shukar da za ta fito. Idan hasken UV-C ya bugi wannan zare sai ya lalata shi. Ƙwayar da zarenta ya lalace ba ta iya hayayyafa, wadda ba ta hayayyafa kuwa ba ta iya sa ciwo ko da an shaƙe ta. Fitilar da aka fi amfani da ita doguwa ce kamar fitilar lantarki mai sanda, tana da ɗan tururin zaiba a ciki, tana ba da haske mai nanomita 254. Gilashin taga na yau da kullum yana tare irin wannan haske, saboda haka da gilashi na musamman ake yin ta.

GWAJE-GWAJEN DA AKA YI

Dabarar ba ta jiya ba ce. Tun a shekarar 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa a cikin kwalba. A 1903 aka ba wani likita ɗan ƙasar Denmak, Niels Finsen, lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Amma William Wells ne ya fara juya hasken ga iskar ɗaki.

Daga shekarar 1937 Wells da abokan aikinsa suka kafa fitilun UV a saman azuzuwan wasu makarantu a yankin birnin Filadelfiya na Amurka. Da annobar ƙyanda ta zo a 1941, a azuzuwan da ba su da fitila fiye da rabin yaran da ba su taɓa yin cutar ba suka kamu. A azuzuwa masu fitila kuwa kimanin ɗaya cikin bakwai ne kaɗai ya kamu.

Daga baya aka sake gwajin a wasu makarantu na Jihar New York da kuma Southall a gefen Landan, sai sakamakon bai yi kyau haka ba. Da aka duba sai aka ga dalili: yaran suna haɗuwa a motar makaranta da gidajen juna da sauran wuraren da babu fitila, suna ɗaukar cutar a can. Wannan babban darasi ne. Fitilar tana tsare mutum ne muddin yana cikin ɗakin da take, ba ta bin sa gida.

A tsakanin 1956 da 1962 wani almajirin Wells, Dakta Richard Riley, ya yi wani gwaji a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Baltimore. Ya jawo iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa inda ya ajiye ɓerayen Masar, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da majinyatan ba. Wasu daga cikin ɓerayen suka kamu da tarin fuka, wannan ya tabbatar da cewa iska kaɗai ta isa ta ɗauki cutar. Sa'an nan ya raba iskar biyu, ya haska rabi da UV. Ɓerayen da suka shaƙi iskar da aka haska ba wanda ya kamu ko ɗaya.

A lokacin annobar murar Asiya ta 1957 zuwa 1958, a wani asibiti da ke Livermore a Jihar Kalifoniya, kimanin kashi 2 cikin 100 na majinyatan ginin da ke da fitilun UV ne suka kamu, alhali a ginin da ba shi da su kimanin kashi 19 cikin 100 suka kamu.

Da aka sami magungunan tarin fuka da alluran rigakafi sai aka yi sakaci da dabarar, har tarin fuka mai ƙin jin magani ya sa aka waiwaye ta. A wani asibiti a Lima, babban birnin ƙasar Peru, an maimaita gwajin ɓerayen Masar, aka buga sakamakon a 2009: fitilun sun rage kamuwa da kimanin kashi 70 cikin 100. A garin Witbank na Afirka ta Kudu, wanda yanzu ake kira eMalahleni, an haɗa fitilun da fankar sama, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ragin kimanin kashi 80 cikin 100. Bisa irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019 kan hana yaɗuwar tarin fuka, ta ba da shawarar a yi amfani da fitilun a asibitoci da sauran wuraren da haɗarin ya yi yawa.

YADDA AKE KAFA FITILAR

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: in hasken yana lalata ƙwayar cuta, yaya ba ya cutar da mutanen da ke ɗakin? Amsar tana ga yadda ake kafa fitilar. Ana sa ta cikin akwatin ƙarfe mai faranti-faranti a gabansa, a kafe shi a bango can sama ko a rataye shi daga silin. Farantan suna tilasta wa hasken ya tafi a miƙe ta saman ɗakin, sama da kawunan mutane. Ta haka ɗakin ya rabu biyu: sama inda hasken ke aiki, ƙasa inda mutane ke zaune.

Numfashin mutum da zafin jikinsa sun fi iskar ɗaki ɗumi, iska mai ɗumi kuwa sama take yi. Idan ta hau sai ta ratsa hasken, a kashe ƙwayoyin da ke cikinta, ta huce ta sauko. Fanka mai juyawa a hankali tana ƙara saurin wannan kewayawa, shi ya sa ake so a haɗa fitilar da fanka. A lokacin sanyi ana iya rage gudun fankar, ba a kashe ta ba.

Masana suna auna tsabtar iskar ɗaki da yawan sauyin da take yi a sa'a guda. Idan iskar ɗaki tana sauyawa sau 2 a sa'a, sai an yi minti 138 kafin kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin da mai tari ya bari su gushe. Idan sau 6 ne, minti 46. Idan sau 12 ne, minti 23. A gwajin Afirka ta Kudu an lissafa cewa aikin fitilun daidai yake da ƙara sauyin iska sau 24 a sa'a, ba tare da an shigo da sanyi ko ƙura ba. Ga gari irin Jos a tsakiyar hunturu, nan amfanin dabarar yake.

Akwai sharuɗɗan da lalle ne a cika:

1. Tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin ya kai aƙalla mita 2.4, watau ƙafa 8, ƙasan akwatin kuma ya kasance aƙalla mita 2.1 daga daɓe. Ɗaki mai gajeren rufi, ko ɗakin kwanan ɗalibai mai gado mai hawa biyu, bai dace da ita ba sai ƙwararre ya duba.

2. Ƙwararre ne zai kafa ta, ya auna da na'ura ya tabbatar hasken ya isa a sama, kuma wanda ke saukowa daidai idon mutum bai wuce ƙa'ida ba. Silin mai ƙyalli yana iya maido da hasken ƙasa.

3. A riƙa goge fitilar da tsumma mai tsabta da sifirit aƙalla kowane wata 3, bayan an kashe ta. A lokacin hunturu a ƙara yawan gogewa, domin ƙura tana tare hasken.

4. A sauya fitilar kimanin sau ɗaya a shekara. Ƙarfinta yana raguwa ko da tana nuna shuɗin haske, gama shuɗin da ake gani ba shi ne mai aikin ba.

5. A tanadi wutar lantarki. Duk sa'ad da wuta ta ɗauke, kariyar ta ɗauke nan take. Fitilar ba ta cin wuta da yawa, saboda haka ana iya haɗa ta da batir ko na'urar hasken rana.

A kuma sani cewa idan laima ta yi yawa a iska, kamar a tsakiyar damina, ƙarfin aikin hasken yana ɗan raguwa.

SABUWAR FITILA

A 'yan shekarun nan masana sun mai da hankali ga wata fitila dabam mai ba da haske na nanomita 222. Irin wannan haske ba ya ratsa matacciyar fatar da ke saman jikin mutum, ba ya kuma shiga can cikin ido, amma yana ratsa ƙwayar cuta saboda ƙanƙantarta. Masana a Jami'ar Columbia ta New York, ƙarƙashin Farfesa David Brenner, sun nuna a 2018 cewa yana kashe ƙwayar mura a iska, a 2020 kuma suka nuna yana kashe wasu dangin korona. A 2022 wani gwaji da aka yi a Birtaniya cikin ɗaki sosai ya nuna ragin kimanin kashi 98 cikin 100 na wata ƙwayar bakteriya da aka fesa a iska. Fatan da ake yi shi ne a iya haska ɗaki duka mutane na ciki. Sai dai fitilar tana da tsada, tana bukatar matata ta musamman mai tare sauran haske mai cutarwa, kuma tana haifar da ɗan iskar ozon, wadda shaƙarta da yawa ke damun huhu. Bincike a kanta yana ci gaba. Tsohuwar dabara ta haska saman ɗaki ita ce mai dogon tarihin gwaji.

GARGAƊI GA JAMA'A

Hasken UV-C na nanomita 254 yana ƙona ido da fata idan ya same su kai tsaye. Duk wanda ya san ciwon idon da ke kama mai walda idan ya yi aiki ba tabarau ya san irin ciwon. Ba a jinsa nan da nan, sai bayan sa'a 6 zuwa 12 ido ya yi ja, ya riƙa hawaye, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma a je asibiti, kada a ɗiga wani abu a ido ba da izinin likita ba. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

Kada a sayi tsirarar fitilar UV a rataye a ɗaki ko shago. Fitila marar akwati ana kunna ta ne kawai a ɗakin da ba kowa.

Kada a haska hannu ko fuska ko jikin yaro da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wannan gargaɗi tun a 2020.

Kada kowa ya hau tsani ko tebur a ɗakin da fitilar ke kunne. Mai fenti da mai gyaran wuta da mai share yana su tabbatar an kashe ta tukuna. A sa makunninta inda yara ba su kaiwa, a manna sanarwa da Hausa da Turanci.

A yi hattara da 'yan ƙananan fitilun hannu da ake talla cewa suna kashe kowace cuta. Wasu ba su ba da UV-C ko kaɗan, wasu kuma suna ba da shi ta yadda zai cuci mai riƙe da su. Ido ba ya iya bambanta ta gaske da ta jabu, na'ura ce kaɗai ke iyawa.

Idan fitilar ta fashe, a fita daga ɗakin, a buɗe tagogi, a kwashe gilashin da kwali ba da hannu ba, domin akwai zaiba a ciki, zaiba kuwa guba ce. Kada a jefa tsohuwar fitila a bola inda yara ke wasa.

ABIN DA HASKEN BA YA YI

Fitilar ba ta warkar da marar lafiya. Ba ta tsare wanda aka yi wa tari a fuska daga kusa, domin numfashin bai kai ga hawa sama ba. Ba ta hana zazzaɓin cizon sauro, ko kwalara, ko zazzaɓin Lassa da ɓera ke kawowa. Ƙari ce a kan sauran matakai, kuma matakan da suka fi araha su ne a gaba.

Na farko, buɗe taga. Masanan da suka yi gwajin Lima sun kuma auna iskar ɗakunan asibitocin birnin, suka buga sakamakon a 2007. Sun tarar idan an buɗe ƙofofi da tagogi iskar ɗaki takan sauya kimanin sau 28 a sa'a, a tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi har sau 40. Wannan kyauta ne. Taga biyu masu fuskantar juna sun fi huɗu a bango ɗaya. Ko a lokacin sanyi ana iya buɗe na sama kaɗan, ko a buɗe duka na 'yan mintoci tsakanin darasi da darasi. Inda hali ya yi, marasa lafiya su jira likita a rumfa ko baranda.

Na biyu, allurar rigakafi. A kai jariri a yi masa ta tarin fuka da zarar an haife shi, ta ƙyanda kuma yana da wata 9, a maimaita yana da wata 15. Yaron da aka yi wa rigakafi yana tafe da kariyarsa duk inda ya je.

Na uku, neman magani da wuri. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari ya je a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe, maganin kuwa yakan ɗauki wata 6, kuma wajibi ne a shanye shi. Mai tari ya rufe bakinsa, ya sa takunkumi idan zai shiga jama'a, yaro mai ƙyanda kuma ya zauna gida.

AIKIN DA KE KAN KOWA

Shugabannin asibitoci su fara duba ɗakunan da haɗari ya fi yawa: ɗakin jira, da sashen masu tarin fuka, da sashen gaggawa, da ɗakin ɗaukar hoton ƙirji. Inda taga ta isa, a buɗe ta. Inda sanyi ko tsarin ginin ya hana, nan ne za a nemi shawarar ƙwararru a kan fitilar, a kuma sa kuɗin kula da ita cikin kasafin kowace shekara tun kafin a saya. Fitilar da aka kafa aka manta da ita ta fi rashinta illa, domin tana sa mutane su saki jiki alhali ba abin da ke tsare su.

Shugabannin makarantu, da kwamitocin masallatai da coci-coci, da shugabannin kasuwanni irin ta Katako, su lura da cunkoso da tagogin da aka toshe da kaya ko aka kafe da ƙusa. Magina da masu ba da kwangila su tuna cewa dogon rufi da tagogi masu fuskantar juna kariya ce da ba ta bukatar wuta. Iyaye kuma su riƙe katin rigakafin 'ya'yansu, su cika alluran a kan lokaci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Mene ne bambancin manyan ɗigon tari da ƙanana, kuma waɗanne ne ke daɗewa a iska?

2. Wane irin hasken UV ne ke kashe ƙwayoyin cuta? Don me fitilar duba kuɗi ba ta yin wannan aiki?

3. Me ya sa gwajin makarantun Filadelfiya ya yi nasara, na Southall bai yi ba?

4. Kawo sharuɗɗa uku na kafa fitilar a saman ɗaki.

5. A ɗauki aji ɗaya ko ɗakin jira ɗaya a unguwa, a ƙirga tagoginsa da mutanen da ke zama ciki, a faɗi abin da za a iya gyarawa a wannan mako ba tare da kashe kuɗi ba.